Bayan Wahalar Haihuwa: Yadda Gashin Ƙashi Ke Maido da Ƙarfin Jiki da Kwanciyar Rai

 

Mafi yawan mata suna haihuwa lafiya, su yi arba'in, su koma harkokinsu. Amma akwai waɗanda haihuwa ke zo musu da gardama. Bayan an sha suna, baƙi sun watse, sai a bar mai jego da ƙafar da ba ta ɗaguwa, ko fitsarin da ba ya riƙuwa, ko ciwon ƙugu, ko wani tsoro da ke hana ta barci. Darasinmu na wannan fitowa a kan waɗannan matsaloli yake. Abin da muke so ki riƙe shi ne: raunin da haihuwa ke bari a jiki da wanda take bari a zuciya tare suke tafiya, kuma dukkansu suna da magani idan an zo da wuri. Ki karanta, ki karanta wa wadda ba ta iya karatu ba, sannan ki adana takardar.

MU ƊAUKI MISALI

A ce yarinya ce mai cikin fari a Badafi, cikin ƙaramar hukumar Kiru. Naƙuda ta kama ta da la'asar, ta yi shiru saboda kunya. Aka kwana, aka wuni, aka sake kwana tana durƙushe. Kafin a nemo maigida, a nemo mota, a fito titi, a isa asibiti, ta galabaita. Aka yi mata aiki, aka ciro ɗan babu rai. Kwana biyu bayan haka ta sauko daga gado, sai ƙafar dama ta ƙi ɗaguwa, yatsun suna jan ƙasa. Bayan mako guda kuma sai ta ga shimfiɗarta tana jiƙewa ba tare da ta ji fitsari ba. A gida wasu suka ce ta taka sawun iska, wasu suka ce sammu ne. Ita kuwa ta daina magana, ta daina cin abinci, ba ta son kowa ya shigo ɗakin.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, inda ƙauyuka da yawa suke nesa da titi, ga damina tana ɓata hanya. Wannan yarinya tana ɗauke da rauni uku: na jijiyar ƙafa, na mafitsara, da na zuciya. Babu ɗaya daga cikinsu da yake aikin iska. Kowanne yana da dalili, kowanne kuma yana da masu duba shi.

MENE NE GASHIN ƘASHI?

Gashin ƙashi, wanda wasu ke kira fisiyo, fanni ne na aikin asibiti da ke warkar da jiki ta hanyar motsa gaɓoɓi, da ƙarfafa tsoka, da tausa ta ilimi, da koya wa majiyyaci yadda zai zauna, ya tashi, ya yi tafiya. Wani lokaci ana haɗawa da ɗumi, ko sanyi, ko na'urar da ke zaburar da tsoka. Sunan ya sa mutane da yawa suna zaton na masu karaya ne kawai, ko masu shanyewar ɓarin jiki, ko yaran da shan inna ya taɓa. Ba haka ba ne. Akwai ɓangare guda da ya shafi lafiyar mata masu ciki da masu jego.

Likitan gashi ba mai ɗori ba ne, ba kuma mai tausar gida ba ne. Mutum ne da ya yi karatun jikin ɗan Adam a jami'a na shekaru, kamar waɗanda Jami'ar Bayero ta Kano ke yayewa, kuma akwai mata a cikinsu. Idan kin fi sakewa da mace, ki faɗa, haƙƙinki ne.

Abu ɗaya ya bambanta gashi da allura ko ƙwaya: rabin maganin a hannunki yake. Likita zai duba ki, ya koya miki, ya gyara miki kuskure, amma motsin da kike yi kullum a ɗakinki shi ne ke kawo sauƙi.

1. ƘAFAR DA KE JAN ƘASA

Jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa ƙafa suna bi ta cikin ƙashin ƙugu, daidai hanyar da kan jariri ke saukowa. Idan kan ya maƙale na sa'o'i masu yawa, sai ya danne su. Haka kuma doguwar durƙusawa ko tsugunno tana matse wata jijiya da ke zagaye gefen gwiwa ta waje. Jijiyar da ta dannu ba ta iya kai saƙo, saboda haka tsokar da ke ɗaga tafin ƙafa sai ta kwanta. Mace za ta riƙa ɗaga gwiwa sama sosai idan tana tafiya, silifa na zame mata, tana yawan tuntuɓe, wani lokaci kuma bayan ƙafar ya yi dindiris kamar ba nata ba.

An daɗe da sanin wannan a ƙasarmu. Dakta Kees Waaldijk, likitan tiyata ɗan ƙasar Holan wanda ya fara aiki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina tun farkon shekarun 1980, ya wallafa bincike tare da wani abokin aikinsa a 1994 a kan mata 947 masu yoyon fitsari a arewacin Nijeriya. A cikin waɗanda aka bincika ƙafafunsu da kyau, fiye da rabi ko dai suna ɗauke da wannan rauni ko sun taɓa samunsa bayan haihuwa. Abin farin ciki shi ne, a mafi yawansu ƙarfin ƙafar ya dawo cikin shekara biyu.

Jijiya tana warkewa, amma a hankali. Idan dannewar ba ta yi tsanani ba, makonni ko 'yan watanni sun isa. Idan ta yi tsanani, jijiyar tana sake tohowa da kamar milimita 1 a rana, wato kusan faɗin yatsa biyu a wata. Haɗarin yana cikin wannan jira. Idan aka bar ƙafar a lanƙwashe tsawon watanni, agara za ta ƙanƙance, idon sawu ya sandare, ta yadda ko jijiyar ta farfaɗo diddige ba zai taɓa ƙasa ba. Aikin gashi shi ne ya tsare ƙafar har jijiyar ta dawo.

Ga abin da likitan gashi ya saba koyarwa:

(a) Ki zauna ki miƙe ƙafa, ki sa zane ko ɗankwali a tafin ƙafar, ki jawo yatsun wajenki a hankali. Ki riƙe na daƙiƙa 30, ki saki. Sau 5, da safe, da rana, da dare.

(b) Ki yi ƙoƙarin ɗaga yatsun da kanki, ko da ba ki ga sun motsa ba. Ƙoƙarin kansa yana da amfani.

(c) Idan za ki kwanta, a tokare tafin ƙafar da filo mai tauri don ta tsaya a miƙe. Likita na iya auna miki wani takalmin roba mara nauyi da ke riƙe idon sawu. Ana yin irinsa a Asibitin Ƙashi na Dala.

(d) Ki bar silifa, ki sa takalmi mai riƙe diddige. Ki riƙe sanda idan ya kama. Kada ki goya jariri har sai tafiyarki ta daidaita.

Abin lura ga masu yi mata wankan jego: ƙafar da ta yi dindiris ba ta jin zafi. Ruwan da zai sa lafiyayyar ƙafa ta janye, wannan zai ƙona ta ba ta sani ba. A sirka ruwan, a gwada shi da gwiwar hannu. Kada a gasa ƙafar da garwashi, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Miki a kan ƙafar da ba ta ji yana da wuyar warkewa.

2. FITSARIN DA BA YA RIƘUWA

Iri biyu ne, kuma wajibi ne a bambanta su.

Iri na farko shi ne wanda ke ɗiga idan kin yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko kin ɗaga bokiti. A ƙasan ƙugu akwai wata shimfiɗar tsoka da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, kamar yadda zanen goyo ke tallafe da yaro. Ciki da haihuwa suna sa ta saki, musamman ga wadda ta haihu da yawa, ko ta ƙaru, ko aka yi mata ƙari. Wannan iri gashi yana maganinsa. Wani likitan mata a Amurka mai suna Arnold Kegel ne ya yaɗa motsin da ake yi masa a 1948, kuma har yau shi ne matakin farko a asibitocin duniya.

Yadda ake yi: ki kwanta ko ki zauna, ki matse dubura kamar kina hana iska fita, sannan ki matse gaba kamar kina tsayar da fitsari, ki ji kamar kina jawo su sama. Ki riƙe kina ƙirga 1 zuwa 5, ki saki gaba ɗaya, ki huta daidai wannan lokaci. Ki yi sau 8 zuwa 10, sau 3 a rana. Kada ki riƙe numfashi, kada ki matse cinyoyi ko ɗuwawu. Kada ki mai da shi al'ada lokacin da kike fitsari, domin yana hana mafitsara juyewa duka. Da kin ƙware, ki ƙara ƙirgar zuwa 10, ki riƙa yi a tsaye, ki kuma matse kafin tari ko ɗaga kaya. Babu wanda zai san kina yi. Ki haɗa shi da wani abu da ba ya wuce ki, kamar kiran salla ko lokacin shayarwa. Sai an yi wata 3 ana yi kullum kafin a yanke hukunci ko ya yi amfani.

Iri na biyu shi ne wanda ke zuba dare da rana babu tsayawa, ko kina kwance ko kina tsaye. Wannan shi ne yoyon fitsari. Kan jariri ya matse naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashi har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar ƙofa. Yankan gishiri ma yana kawo shi. Motsa tsoka ba ya rufe wannan ƙofa. A kawo ta asibiti nan take, kada a jira arba'in. Idan aka sa robar fitsari da wuri aka bar ta makonni 4 zuwa 6, tana shan ruwa da yawa, wasu ƙananan ƙofofi suna rufewa da kansu. Sauran kuma ana ɗinke su da tiyata a Cibiyar Laure da ke cikin Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad a Kano, ko a Babbar Ruga ta Katsina. A Jamhuriyar Nijar ma akwai cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012. A 2005, cikin mako biyu kacal, an yi wa mata sama da 500 aiki a jihohin Kano da Katsina da Sakkwato da Kebbi a wani gangami da Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tallafa. Cuta ce mai magani.

To ina gashi ya shigo? Kafin aiki, yana miƙar da ƙafafun da suka ƙage saboda doguwar kwanciya. Bayan aiki kuma, wasu matan ƙofar ta rufe amma fitsari na ci gaba da ɗiga, saboda tsokar ta yi rauni kuma mafitsara ta manta da tara fitsari. Likitan gashi zai koya mata matse tsoka da kuma yin fitsari bisa lokaci, ana ƙara tazarar a hankali. Kada mai yoyo ta rage shan ruwa don gudun jiƙa. Ƙarancin ruwa yana sa fitsari ya yi kauri, ya ƙara wari, ya ci fata, ya kawo tsakuwa a mafitsara.

3. BAYAN AN YI MIKI AIKI

Wadda aka ciro wa ɗa ta tiyata tana tsoron motsi kada ɗinki ya farke. Amma doguwar kwanciya ita ce abin tsoro, domin tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, majina ta taru a ƙirji. Shi ya sa malaman asibiti ke tayar da ke cikin sa'o'i 24 na farko idan babu wata matsala.

Tun kina kan gado ki riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa sau 10 kowace sa'a, ki ja dogon numfashi sau 5. Idan za ki yi tari, ki danne wurin ɗinkin da filo. Idan za ki tashi, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki juya gefe, ki sauko da ƙafafu, sannan ki tura jikinki da hannu. Kada ki tashi kai tsaye daga rigingine. Har mako 6, kada ki ɗauki abin da ya fi jaririnki nauyi. Ma'ana babu daka, babu surfe, babu jan guga, babu ɗaukar tulu ko dammin itace. Tafiya a tsakar gida kuwa, ki fara da minti 5, ki riƙa ƙarawa.

4. CIWON ƘUGU DA BAYA

Lokacin ciki mahaɗan ƙashin ƙugu suna sassautawa don ɗa ya sami hanya. Wasu matan sai su ji ciwo a ƙashin mara ko a bayan ƙugu idan suna juyi a kan gado, ko sun tsaya da ƙafa ɗaya. Ki riƙa haɗe gwiwoyi idan za ki juya, ki sa filo a tsakaninsu idan kin kwanta, ki zauna kafin ki sa siket ko wando. Idan za ki ɗauki abu a ƙasa, ki lanƙwasa gwiwa, kada ki sunkuya da baya. Tsintsiya mai gajeren hannu da wanki a sunkuye suna ƙara ciwon. Wajen shayarwa ki jingina, ki ɗora jariri a kan filo ya zo wajen nono, ba ke za ki duƙa masa ba.

Idan kika kwanta rigingine kika ɗaga kai sai kika ga tsakiyar ciki ya tsiro kamar kunyar gona, tsokar cikin ce ta rabu. Sau da yawa tana haɗuwa cikin wata 2. Ɗaure ciki da zane yana iya ba ki sauƙi, amma ba ya ƙarfafa tsoka, kuma ɗaurin da ya yi tsanani yana tura kayan ciki ƙasa. Likitan gashi zai nuna miki motsin da ya dace.

5. JARIRIN DA HANNUNSA YA SAKI

Idan kafaɗar jariri ta maƙale wajen fitowa, jijiyoyin wuyansa na iya miƙewa fiye da kima. Za a ga hannu ɗaya a kwance a jikinsa, ba ya ɗaga shi. Kada a kai wa mai ɗori, kada a ja, kada a ɗaure. A kawo shi likita ya duba ko akwai karaya, sannan likitan gashi ya koya miki yadda za ki riƙa motsa kafaɗa da gwiwar hannu da yatsu a hankali kullum. Yawancin irin waɗannan yara suna warkewa. Idan ya kai wata 3 bai fara lanƙwasa gwiwar hannun ba, lallai a sake komawa wurin ƙwararru.

6. RAUNIN DA IDO BA YA GANI

Matar da ta kwana biyu tsakanin rai da mutuwa, ko ta rasa ɗan da ta ɗauka wata tara, ko ta wayi gari tana wari mutane suna ja da baya, zuciyarta ma ta ji rauni. Al'adarmu tana yabon mai dauriya, mai kunya, wadda ba a jin kukanta. Haƙuri abu ne mai kyau, amma shiru ba ya nufin lafiya.

Kuka da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba gani, yakan wuce kafin mako 2. Idan ya zarce haka, a lura da waɗannan alamomi: baƙin ciki kullum, rashin barci ko da jariri yana barci, ƙin abinci, ƙin kula da jariri, ganin ba ta da amfani, mafarkin naƙudar, firgita, faɗuwar gaba, tsoron asibiti, tsoron kusantar miji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da irin wannan damuwa bayan haihuwa. Ba raunin imani ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma shafar iska ba ce.

Yaya gashi ke taimaka wa zuciya? Ta hanyoyi huɗu. Na farko, tsoro yana sa tsoka ta ɗaure, numfashi ya gajarce, ciwo ya ƙaru, ciwon kuma ya ƙara tsoro. Koyon sassauta jiki yana yanke wannan zagaye. Na biyu, motsa jiki a kai a kai yana gyara barci da cin abinci, yana rage damuwa mara tsanani. Na uku, matar da ta ga kamar jikinta ya ci amanarta tana sake yarda da shi idan ta ga ci gaba: jiya an riƙe ta zuwa bayi, yau ta je da sanda, gobe ta kai ƙofar gida. Na huɗu, a ɗakin gashi tana haɗuwa da mata irinta, ta gane ba ita kaɗai ba ce.

Ga numfashin da za ki iya yi duk lokacin da gabanki ya faɗi: ki zauna ki jingina, ki sa hannu a ciki, ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga 4 har cikin ya taso, ki fitar ta baki a hankali kina ƙirga 6, ki saki kafaɗu da muƙamuƙi. Sau 10. Yana da amfani lokacin naƙuda ma, saboda haka ki fara koyonsa tun yanzu.

Wasu matan suna jin zafi wajen kwanciyar aure watanni bayan haihuwa, saboda tabon ɗinki ko saboda tsokar ta ɗaure don tsoro. Wannan ma ana maganinsa, ta koyon sakin tsokar da tausasa tabon. Ki faɗa wa malamar asibiti. Babu wanda zai duba ki ba da yardarki ba, kuma kina iya cewa a tsaya a kowane lokaci.

Amma gashi yana da iyaka. Idan mai jego tana maganar kashe kanta ko cutar da jariri, ko tana jin muryoyi, ko tana sambatu, ko ta kwana biyu ba ta runtsa ba, wannan na gaggawa ne. Kada a bar ta ita kaɗai, kada a ɗaure ta, kada a doke ta. A kawo ta asibiti a ranar. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da magungunan da mai shayarwa za ta iya sha. Addu'a da magani ba sa hana juna.

GARE KA MAIGIDA, GARE KI UWA DA SURUKA

Malam, warkewar iyalinka tana hannunka fiye da yadda kake zato. Kai ne mai ba da izini, kai ne mai kuɗin mota. Gashi ba zuwa ɗaya ba ne. Ka raka ta, ka koyi motsin tare da ita, ka riƙe mata ƙafar da dare. Idan an yi mata ɗinkin yoyon fitsari, ka kiyaye wa'adin da likita ya ɗiba kafin kusantarta, wanda ba ya kasa wata 3, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta, ta hanyar aiki. Mace ta shiga wannan hali ne wajen haifa maka ɗa. Sakinta ko mayar da ita gidansu a manta da ita yana ƙara mata ciwon da ya fi na jiki.

Inna, ke da kika zo zaman jego, ki sauke mata aikin ƙarfi amma kada ki hana ta tafiya. Ki ci abinci tare da ita. Idan ta so ba da labarin abin da ya same ta, ki saurara, kada ki yi saurin cewa ta yi shiru ya wuce. Ki ba ta wake, da ƙwai, da kifi ko nama, da zogale, da ruwa isasshe. A rage kanwa da gishiri, musamman ga mai hawan jini ko kumburi.

TUN KINA DA CIKI

Rigakafi ya fi magani. Ki fara awo da wuri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Ki fara matse tsokar ƙasan ƙugu tun yanzu. Idan cikin lafiya yake, ki yi tafiya ta kamar minti 30, kwana 5 a mako. Ku zauna da maigida tun wata na 7 ku yanke: wane asibiti, wace mota, lambar wane direba, nawa aka ajiye, wa zai ba da jini, wa zai ba da izini idan ba ya gari. Wadda ƙauyenta ke da nisa, kamar na bayan dajin Falgore ko wajen Riruwai, gara ta matso kusa da asibiti idan watanta ya kama. Naƙudar da ta wuce sa'o'i 12 babu ci gaba ba ta gida ba ce. Kada rana ta faɗi sau biyu a kan mace tana naƙuda.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

A daina duk wani motsa jiki a tafi asibiti idan aka ga: zubar jini mai yawa, zazzaɓi ko ruwa mai wari, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko jijjiga, sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, wadda ba a tausa ta ko kaɗan, ɗinki ya buɗe ko yana ruwa, kasa yin fitsari, ƙafafu biyu sun mutu lokaci ɗaya, haki, tari da dare da kumburin jiki. Wannan na ƙarshe yana iya zama ciwon zuciya na masu jego, wanda likitocin Zariya suka bayyana yawansa a ƙasar Hausa tun shekarun 1970.

INA ZA A FARA?

Ki fara da asibitin da kika yi awo ko kika haihu. Ana so a duba mai jego a ranar farko, da rana ta 3, da tsakanin rana ta 7 zuwa ta 14, da mako na 6. A kowane zuwa, ki faɗi abin da ke damunki ko ba a tambaye ki ba: ƙafa, fitsari, bayan gida, ciwo, barci, tsoro. Ki nemi takardar turawa zuwa sashen gashi. A Kano akwai wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Ƙashi na Dala. Idan daga Badafi ko Tudun Wada ko Doguwa kike zuwa, ki gaya wa likitan gashi nisan garinku, don ya tsara miki motsin gida, ya koya wa wanda ya rako ki, ya kuma ba ki ranakun dawowa da za ki iya cikawa. Ko shekaru sun wuce da haihuwar, ki zo. Zuwa da wuri ya fi, amma zuwa a makare ya fi zama a ɗaki.

ABUBUWA BIYAR NA TUNAWA

1. Ƙafar da ke ja bayan haihuwa jijiya ce ta dannu. A motsa ta kullum, a kiyaye ta daga ruwan zafi.
2. Fitsarin da ke ɗiga da tari, motsa tsoka ne maganinsa. Wanda ke zuba babu tsayawa, asibiti nan take.
3. Bayan aiki a tashi da wuri, amma babu aikin ƙarfi har mako 6.
4. Damuwar da ta wuce mako 2 ciwo ne, a faɗa wa likita.
5. Mai jego ba ta warkewa ita kaɗai. Sai da miji, da uwa, da dangi.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.